Ƴan diramar da muka ɗauko taron Sallah a Jidda, ga abin da na gani

Jama'a masu ta tambayata kan ƴan wasan daɓen nan da suka yi mana wasa a taron Sallah na ƴan unguwarmu, bari in amsa muku gaba ɗaya. Yaranmu ne haifaffun nan Jidda, Hausa da Larabci duk a bakinsu, ana ɗaukarsu biki ko walima, su zo da kayan shigarsu da sifika, kai dai ka kama istiraha, wato wurin taro na haya, ka tanadi abinci. Kuɗinsu babu tsanani, kuma tun kafin isha'i sun gama kafa kaya.

Labarin wani Alhaji ne da ya zo umara karon farko ya ɓace wa abokan tafiyarsa. Labarin ba wani sabo ba ne, mutum biyu ne suka sa na ce sai na yi rubutu.

Na farko wani dattijo da ya fito a direban tasi. Wallahi ko makirfo bai riƙe ba. Daga ya leƙo ta bayan labule yana gyara rawaninsa ya tsaya ya ƙare wa mutane kallo, yaran da ke guje-guje tsakanin kujeru suka tsaya cak, ɓangaren mata aka daina hira, alhali bai ce uffan ba tukuna fa. Muryarsa daga ciki take fitowa, ba ihu yake ba amma na can bakin ƙofa yana jin kowane harafi, in ya jefa magana sai ya dakata dariya ta lafa sannan ya ɗora, kuma ko ba shi ke magana ba idonsa da kafaɗarsa suna cikin wasan, yana sauraron Alhajin kamar yau ya fara jin zancen. Ga zafin Jidda ga gumi ya jiƙe masa jallabiya sharkaf, amma yadda ya shigo da ƙarfinsa haka ya fita.

Na biyu saurayin da ya fito a Alhajin, sananne ne a TikTok, saboda shi ma samari suka cika wurin. A waya yana burge ni sosai. A kan daɓe kuwa sai ka ce an zare masa laka, magana ƙasa-ƙasa, hannu a aljihu, yana juya mana ƙeya, da ya gama faɗin nasa sai ya saki jiki ya fita daga wasan yana tsaye a gabanmu. Abin ya dame ni don yaron yana da baiwa. Kamara ita ke matso da fuskarka, in ka yi kuskure a yanke a sake, a daɓe kai za ka kai kanka har kujerar ƙarshe, kuma wannan sai da atisaye na numfashi da murya da tsayuwa.

Ina jin zafin abin ne don ƙofa ta buɗe a ƙasar nan. An dawo da sinima a 2018, an kafa hukumar wasan kwaikwayo ƙarƙashin ma'aikatar al'adu a 2020, ga bikin fina-finai na Bahar Maliya ana yi a nan Jidda tun 2021, yaranmu masu harshe biyu bai kamata a bar su a baya ba. Kuma mu abin nan gadonmu ne, ƴan tashe da ƴan kama a fili suke tara jama'a babu sifika babu fitila.

Inda suka gaza kuma, sifikarsu ta yi ta ƙara tana yankewa, sannan tsakanin fitowa da fitowa suna daɗewa a bayan labule har mutane suka koma kan shinkafar kabsa da shayi.

Duk da haka ku ɗauke su. Amma ku yi magana da wuri don lokacin Sallah ana rububinsu, ku nemo sifika mai kyau daga waje, sannan ku tabbatar dattijon nan yana cikin waɗanda za su zo muku.