Fetur, gas ko sola: wane injin ban-ruwa ya dace da fadamarka?

A fadamun Argungu, Suru da Bunza, idan ana lissafin kuɗin noman rani, mai ne ke fara cinye aljihu kafin a zo kan taki. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ga damina ta zama abin da ta zama, wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, wata kuma ambaliya ta share shinkafa kamar yadda aka gani a Kebbi a 2020. Shi ya sa gidaje da yawa yanzu da noman rani suke cika rumbu, kuma zaɓen inji ya zama babbar magana.

Kafin ka shiga kasuwa, fara auna rijiyarka. Duk injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, na fetur ne ko na sola, ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Kuma kada ka auna a watan Disamba ka ce shi ke nan. A Maris da Afrilu ruwan ƙasa ke yin nisa, lokacin da za ka ga manoma suna haƙa rami suna saukar da inji ciki.

Injin fetur mai inci 2 ko 3 kowa ya san shi. Shi ya fi araha wajen saye, kowane bakanike a Jega ko Birnin Kebbi zai gyara maka shi, kuma kana ɗaure shi a bayan babur ka koma gida da abinka. Aibinsa ɗaya ne: kullum sai ka ciyar da shi.

Gas kuwa ba sabon inji ba ne. Kabureta kawai za a canza wa naka, a haɗa shi da tukunyar gas ɗin girki. Ka nemi irin wadda ke karɓar gas da fetur duka, don ranar da gas ya ƙare a tsakiyar aiki kada shuka ta sha wuya. Baƙin mai yakan daɗe bai yi datti ba, amma ƙarfin injin yana ɗan raguwa. Riba a nan ta dogara da farashin kilo a garinku da nisan wurin ɗura gas. Idan sai ka yi doguwar tafiya, kuɗin mota ya cinye ragin. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don gano yoyo, tukunyar kuma a ajiye ta a inuwa.

Sola ce ake ta yayi, kuma a ganina ta cancanci yabon, sai dai ba ga kowa ba. Kuɗinta na farko yana da nauyi, bayan nan rana kyauta ce. Faifan sola na kirki, wato farantin da ke karɓar hasken rana, yana kai shekara 20 ko fiye, amma famfon da na'urar da ke sarrafa shi ba sa kai haka, don haka tambayi mai shago: idan ta lalace, wa zai gyara, ina kayan gyara? Idan ya fara kame-kame, wuce gaba. Ƙarfinta daga hantsi zuwa la'asar ne, wanda ya saba ban-ruwa da asuba sai ya canza tsari. Ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi, dole a riƙa goge faifan. Akwai kuma faifan da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, saboda haka a gwada shi cikin rana a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. Mai son famfon da ake zurawa cikin rijiya ya tabbatar bakin bututun rijiyarsa zai ɗauki famfon, kuma ruwan ba mai yashi ba ne, don yashi ke kashe su. Sai maganar ɓarayi, wadda masu sayarwa ba sa so a tayar: gonar da ke nesa da gari, ko ka kwashe faifai kullum da yamma, ko ka biya mai gadi.

Ga mai albasa ko tattasai a ƙaramin fili, irin na wajen Aliero, sola ta wadatar. Shinkafa mashayiya ce. Mai hekta guda ko fiye, musamman a ƙasa mai yashi, kada ya sayar da tsohon injinsa ranar da ya sayi sola. Mai aron gona ko haya, wanda bai san inda zai noma baɗi ba, gas ya fi masa sauƙi. Idan ku uku ko huɗu ne kuke maƙwabtaka, haɗa kuɗi a sayi sola ɗaya a riƙa karɓa-karɓa ya fi kowa ya ci bashi shi kaɗai.

Kowane ka zaɓa, akwai dabarar rage shan ruwan shinkafa. Yanki bututun roba mai tsawon santimita 30, huda rabinsa, ka kafa ɓangaren mai hujin cikin fangali, ka kwashe ƙasar cikinsa. Kada ka sake kunna inji sai ruwan da ke ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Wannan na iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Amma da zarar shinkafa ta fara fure, a bar mata ruwanta a kwance.