Hotunan Kano da na saya a baje koli: aikin ido ya yi, aikin kafinta bai yi ba

Akwai wani matashi mai ɗaukar hoto a nan Kano wanda ba shi da shago. Ba ya zuwa biki ko suna, ba ya ɗaukar fasfo. Sana'arsa ita ce ya rataya kyamara ya shiga lunguna, ya tara hotuna, ya wanke su a takarda mai kauri, in an shirya baje kolin masu zane da masu sana'ar hannu ya biya kuɗin rumfa ya jera su ya sayar. Na sayi hotuna biyu a hannunsa a wani baje koli da aka yi a wani zauren taro a unguwar Nassarawa. Sun ga hunturu sun ga damina a gidana, shi ya sa nake ganin yanzu zan iya faɗin abin da na gani a kansu ba tare da ɗokin sabon kaya ya rufe mini ido ba.

Rumfarsa tana tsakanin ta wata baiwar Allah mai sayar da jakunkunan fata da ta wasu ɗalibai masu zane da suka zo daga Zariya. Hotunan da ya sa a gaba, inda ido zai fara sauka, na hawan Sallah ne: 'yan lifidi, dogarai cikin ja da kore, mabusa kakaki, dawakai sun taso da ƙura ana jahi. Na gane dalilinsa. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, baƙi da ma'aikatan ƙungiyoyi shi suke fara tambaya, ga shi kuma an sha dakatar da hawan a 'yan shekarun nan, sai hotonsa ya ƙara daraja. Amma a gaskiya su ne mafi rauni a cikin kayansa. Ya ƙara musu kala fiye da kima, har jan rigar dogari ya koma wani irin ja da ban taɓa gani a jikin yadi ba. Irinsu kuma kowa yana da su a waya. Da a nan na tsaya da na wuce abina.

Abin da ya tsayar da ni yana bangon baya. Jerin hotuna ne na marinar Ƙofar Mata, kuma ni a kusa da nan na tashi, warin baba da toka ba baƙo ba ne a hancina. Duk mai ɗaukar hoton da ya je wurin abu ɗaya yake ɗaukowa: ya tsaya daga nesa ya haɗa ramukan duka, da kwandunan da aka kife a bakinsu, da allon da ke cewa an kafa wurin a 1498. Shi wannan yaron bai yi haka ba. Ya durƙusa ne a bakin rami ɗaya ya ɗauki hannuwan wani dattijo a daidai lokacin da ya tsamo zane. Duk wanda ya san rini ya san cewa zane ba shuɗi yake fitowa daga rami ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juya. To wannan ɗan tsakanin ya kama. Gefen zanen da ya riga fitowa ya yi shuɗi, tsakiyarsa da sauran kore, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannun dattijon, faratansa kuma sun rine har ba a gane asalin launinsu. Babu fuska a hoton. Amma wallahi da na gan shi sai da na tuna mutane uku da na sani a yarinta, dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Na tambaye shi yadda aka yi ya samu wannan. Ya ce, "Baba, sai da na yi ta zuwa ban fito da kyamara ba. Ina zama ne kawai muna hira har suka daina kallona." Na yarda da shi, domin hoton da kansa ya ba da shaida. Mutumin da ya san ana ɗaukarsa ba haka yake riƙe zane ba.

Na biyun da na saya na badala ne, baƙi da fari, da sanyin safiya cikin hazo. Wani guntun ganuwa ne da ya rage a tsaye, ruwan sama ya zaizaye shi ya yi rami-rami, gefe guda an ci shi da gini na bulo, wata akuya ta hau can sama ta tsaya. Tarihi ya ce a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka fara gina ganuwar nan, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Mu kuma a zamaninmu muna ɗibar ƙasarta muna yanka filaye a jikinta. Hoton bai yi wa kowa wa'azi ba, ya nuna abin da ke nan ne kawai, kuma ina da yaƙinin cewa wannan guntun ba zai kai jikokina ba. Wannan na daga cikin abin da ya sa na cire kuɗi ba tare da dogon tunani ba.

Wani abu da na yaba masa shi ne ya san mutanen da yake sayar wa kaya. Da yawa daga cikinmu ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki saboda addini, kuma bai tsaya yi wa kowa musu a kan haka ba. Ya ware ɓangare guda na hotunan da babu mutum babu dabba: zankwayen soraye, dagi a jikin bango, bakan gizo a rufin zaure a Gidan Makama, tsohuwar ƙofar katako mai ƙusoshin ƙarfe, tarin ƙwarya a kasuwar Kurmi, dutsen Dala daga nesa. Ina tsaye wata Hajiya ta zo ta ce masa, "Ɗan nan, ina wanda ba shi da rai?" Ya kai ta wajen, ta ɗauki biyu. Ni kaina na badalar nan, saboda akuyar, a ɗakin karatu na sa shi, ba inda muke sallah ba.

Maganar kuɗi. Ƙananan, masu girman takardar ofis, ba firam, naira dubu 15 ya sa musu. Matsakaita dubu 45. Manya da firam sun haura dubu 100. Mutane da dama suna jin kuɗin sai su ce a situdiyo ai da 'yan ɗaruruwa ake wanke hoto. Gaskiya ne, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma ya yi mini bayanin da na gamsu. Tawadar injin wanke hoto iri biyu ce. Akwai mai narkewa cikin ruwa, tana da arha da sheƙi, amma rana tana cin ta. Akwai kuma mai ƙananan ƙwayoyin launi da ke zama daram a jikin takarda, wadda take daɗewa ƙwarai. Ya ce mini, "Kamar rinin baba ne da galura, Baba." Da ta biyun yake aiki, a kan takardar auduga marar sheƙi wadda ba ta yin ja-ja-ja in ta tsufa. Ba a nan yake wanke su ba, Legas yake turawa a kawo masa, ga kuɗin mota ga kuɗin rumfa. Araha ba ta ado. Abin da zan iya shaida shi ne na marinar yana bangon da hasken taga ke kaiwa da hantsi, kuma har yau shuɗinsa yana nan yadda na kawo shi, alhali hoton yayen makarantar 'yata da ke kusa da shi, na situdiyo, tuni ya fara dusashewa.

A ƙasan kowane hoto yana sa hannu da fensir, ya rubuta lamba. Ɗaya daga cikin nawa 7/25 ne. Ma'anarsa guda 25 kawai zai wanke na wannan hoton a wannan girman, nawa ne na bakwai, in sun ƙare ya rufe. Wannan al'adar masu wannan sana'a ce a ko'ina a duniya, kuma amana ce tsantsa, domin ba wanda zai hana shi wanke na 26 sai tsoron Allah da tsoron zubewar suna. Ya nuna mini littafin da yake rubuta kowace lamba da ranar da ta fita. Ya ba ni rasit. Ya karɓi tiransifa. Ragi kuwa bai yi ba, sai dai da na ɗauki biyu ya ƙara mini katin gaisuwa guda uku masu hoton ƙofofin gari.

Yanzu ga inda bai yi mini ba, kuma firam ne kan gaba. Na marinar na saya da firam, na badalar ba firam. Firam ɗin kallo ɗaya za ka yi masa ka ce ya yi kyau, baƙin katako siriri. Amma kafintan da ya yi masa aikin ya ɗora gilashi ne kai tsaye a kan hoton, babu ɗan kwalin nan mai taga da ake sawa a tsakani don takarda ta sha iska. Bayan kuma da kwali sakayau aka rufe, ba a liƙe gefe ba. Da hunturu ƙura ta sami hanya ta shiga ta kwanta a ƙasan gilashin ta ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Da damina ta kankama a watan Agusta sai na ga takardar ta fara tanƙwarewa daga kusurwa ɗaya, ga wani ɗan tabo inda take neman manne wa gilashi. Haɗin katakon ma ya buɗe baki a sama. Da sauri na kai wa wani mai firam da ya san aikin ya sake shi, ya sa kwalin tsakani, ya liƙe bayan. Allah ya taimaka hoton bai lalace ba. Da na kira mai hoton na gaya masa, bai yi gardama ba, ya ba ni haƙuri ya ce zai biya rabin kuɗin gyaran, kuma ya biya. Na yaba da hakan. Duk da haka mutumin da ya san bambancin tawada da tawada bai kamata ya miƙa aikinsa ga firam ɗin da zai kashe shi ba. Shawarata ga mai saye: ka karɓi hoton a naɗe ko a shimfiɗe, ka kai wa mai firam da kanka.

Na biyu, bayanin da ke ƙasan hotunan duk da Turanci ne. Hoton marina, a Kano, mutanen da ke ciki Hausawa, masu kallo mafi yawansu Hausawa, amma babu layi ɗaya na Hausa. Na ga wani tsoho ya tsaya ya daɗe a gaban hoton mabuga, inda ake bugun shadda da turkuɗi, sai da jikansa ya karanta ya fassara masa. Kuɗin ma ba a rubuta ba sai ka tambaya, kuma mun san halinmu, mai jin nauyi ba zai tambaya ba, wucewa zai yi.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ba gyaran kafinta ba ne. Akwai hotuna biyu na almajirai, fuskokinsu a fili, ɗaya yana riƙe da roba yana kallon kyamara. Hotunan sun yi kyau, kuma kyansu ne ma abin da ya tayar mini da hankali. Na tambaye shi ko marinan sun san ana sayar da hotunansu. Ya ce sun sani, yana kai musu nasu kwafin, kuma in an sayi ɗaya akwai abin da yake kai wa mai hannun. Madalla. Na ce to yaran nan fa? Ya ce ya nemi izinin malaminsu. Na ce masa, "Malam, iyayensu suna can ƙauye, ba su san fuskar ɗansu za ta je ta rataye a falon wani a Abuja ba. Shi kuma yaron nan gaba zai girma." Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba. Ban san abin da ya yanke a ransa ba a lokacin, amma ni ba zan sayi irin wannan ba, kuma ina roƙonsa ya sauke su. Yana da abin sayarwa da yawa ba sai da yunwar yaro ba.

Ina so wannan sana'a ta tsaya da ƙafarta a garin nan. A Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé masu situdiyon unguwa ne, suna ɗaukar mutane cikin kayan Sallah da na biki, suka adana fim ɗinsu a akwatuna, daga baya duniya ta zo nema, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya a 2007. Mu ma mun yi masu hoto irinsu a Fagge da Sabon Gari da cikin birni, amma ina fina-finan da suka ɗauka? Gara ta ci wasu, an share wasu an zubar da aka tashi shago. In ba a sayi aikin wanda yake raye ba, shi ma komawa zai yi ɗaukar biki, don a can abinci yake.

Ya gaya mini yanzu yana zuwa Kura yana ɗaukar masu rinin turkuɗi da Buzayen da ke zuwa sari. Na ce ya ajiye mini ɗaya matsakaici in sun fito, ba firam, da bayaninsa da Hausa a baya.