C63 tsohuwa da sabuwa: abin da na gani bayan na tuƙa W204 da W205

Tambayar da aka fi yi mini tun da aka ga ina hawa Mercedes C63 ƙirar 2012 ita ce me ya hana ni sauya ta da wadda ta biyo bayanta. Yanzu ina da amsar da zan iya tsayawa a kanta, domin yayana ya yi doguwar tafiya ya bar mini tasa, C63 S ƙirar 2017, na riƙe ta tun daga tsakiyar damina har sanyi ya shigo. Ina ajiye wannan in ɗauki waccan, a cikin Abuja da kuma kan hanyar Kaduna zuwa Kano. Tawa ita ce masu harkar ke kira W204, tasa kuma W205. Suna ɗaya suke ɗauke da shi a bayan but, amma halinsu ya yi nisa da juna fiye da yadda na zata.

Ga wanda bai saba da su ba, C63 ba C-Class ce da aka kai gareji aka manna wa tambari aka fasa salansa ba, irin waɗanda suka cika gari. Daga masana'anta take fitowa a haka. Sashen AMG ne ke yin ta, wanda injiniyoyi biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, suka kafa a 1967, kuma tun 2005 ya zama mallakin Mercedes gaba ɗaya. A garin Affalterbach da ke kusa da Stuttgart a Jamus ake haɗa injinan, mutum ɗaya ne ke haɗa inji ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan a maƙala ɗan faranti mai ɗauke da sa hannunsa a saman injin. Motocin biyu duk suna da wannan farantin. In aka ce maka ga C63 ta sayarwa, ka ɗaga bonet ka fara neman sa.

Injin W204 shi ne dalilin da ya sa ake maganarta har yau. Sunansa M156, silinda takwas, lita 6.2, babu turbo ko ɗaya, kuma shi ne inji na farko da AMG ta zana da kanta tun daga tushe. A gefen motar an rubuta 6.3, don tunawa da tsohuwar Mercedes 300 SEL 6.3. Yana ba da ƙarfin doki 457 a lissafin Jamus, 451 a lissafin Amurka inda yawancin namu suke fitowa, da ƙarfin juyi Nm 600. Amma wannan ƙarfin juyin ba ya cika sai injin ya kai juyi 5,000 a minti ɗaya, ƙarfin dokin kuma sai a 6,800. A ƙasa-ƙasa motar tana da ƙarfi, sai dai ba ta firgita mutum. Sai allura ta haura 4,000 take sauya murya, ta ci gaba da ja ba tare da ta yi sanyi ba har kusa da jan layi, kamar ingarman da sai an sakar masa linzami yake nuna abin da ke cikinsa. Abin da na fi ƙauna shi ne yadda take amsa ƙafa. Gwargwadon yadda ka taka totur, gwargwadon abin da za ta ba ka, a daidai wannan lokacin, ba ƙari ba ragi. A kan kwana, in kana so ka ƙara mata wuta kaɗan, kaɗan ɗin za ka samu.

W205 ta fito a 2015 da injin M177, shi ma silinda takwas, amma lita 4.0 da turbo biyu da aka cusa a tsakiyar injin, cikin kwarin da ke tsakanin layukan silindan. C63 zalla tana da doki 476 da Nm 650, mai harafin S kuma doki 510 da Nm 700. Lambar da ta fi muhimmanci a nan ita ce juyi 1,750 a minti ɗaya, domin tun daga nan duk ƙarfin juyin yake zuwa. A takarda tsohuwar tana kai gudun kilomita 100 cikin kusan daƙiƙa huɗu da rabi, S ɗin kuma cikin huɗu cif. Rabin daƙiƙa bai yi kama da wani abu ba sai ka zo wuce babbar mota.

Tsakanin Kaduna da Zariya na gane haka, a wani wuri da aka mayar da hanya hannu ɗaya saboda aiki. Tirela biyu ne a gabana a jere, ta gaba ta ɗauko siminti tana tafiyar hawainiya. A tawa, wucewa irin wannan sai na shirya mata: in ja ɗan maɓallin bayan sitiyari in sauko da giya biyu ko uku, in bari injin ya hau, sannan in fita. A ta Yaya, da na hango gaba ya buɗe sai na danna ƙafa rabi kawai. Motar ta ɗan yi shiru na ƙiftawar ido, sannan ta manna ni da kujera, kafin in gama duba madubi na dawo hannuna, tirelolin suna can baya. Daƙiƙun da mutum ke yi a hannun da ba nasa ba su ne mafi haɗari a hanyoyinmu, kuma sabuwar ta fi rage su. A nan babu gardama, ta fi tawa.

Wannan ƙarfin da ke zuwa da wuri yana da nasa sharrin. Motocin biyu da tayoyin baya suke ja. Da damina, in ruwa ya sauka a kwalta mai santsi, S ɗin tana iya murza taya a giya ta biyu ko ta uku ba tare da ka yi nufin haka ba, sai ka ga fitilar na'urar hana zamewa tana ƙyafta maka a dashbod. An sa mata difaransha, wato abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya, mai kulle kansa da lantarki, abin da a W204 sai wanda ya biya ƙari yake samun irin na ƙarfe, kuma yana taimakawa sosai wajen fita daga kwana. Duk da haka tsohuwar ta fi saurin sanar da ni cewa baya zai zame, ta kuma fi ba ni lokacin gyarawa. Ban taɓa kashe na'urar hana zamewa a kan titin jama'a ba a ko wace ɗaya, kuma ina roƙon samarin da ke wasan mota a wajen biki su nisanci wannan ƙirar. Ba ta yafe kuskure a tsakiyar mutane.

Sauti kuwa, W204 ce. Da asuba in na murza ta a sanyi sai ta yi wata tsawa guda ɗaya mai kauri, ƙofar gareji ta ƙarfe ta ɗauki rawa, sannan ta sauko ta zauna tana gurnani a hankali, kana jin bugun kowace silinda a bayan kujera. Saboda maƙwabta, in zan yi sammako nakan fito da ita waje tun da dare. Ta Yaya ma tana da murya, kuma cikin injinan turbo da na taɓa ji babu mai daɗinta. Akwai maɓallin da ke buɗe salansa, in ka ɗaga ƙafa ta riƙa tartsatsi. Sai dai muryar tata kusan iri ɗaya ce daga ƙasa har sama, turbo ya shanye kaifin, alhali tsohuwar tana farawa da gurnani ta ƙare da ƙara mai tsaga kunne.

Sitiyarin W204 na mai ne, yana da nauyi, kuma yana kawo maka labarin hanya har tafin hannu: inda kwalta ta yi tsakuwa, inda yashi ya kwanta a gefe, duk kana ji. Na W205 na lantarki ne, ya fi sauri da daidaito, amma ya fi shiru. Ta fannin shok lamarin ya juya. Na tawa tauri ɗaya gare su ko ina, duk ramin da ka shiga sai bayanka ya sani. Sabuwar tana da shok da ake sassautawa ko a ƙara musu tauri da maɓalli, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta ƙaru da kusan santimita takwas, don haka ta fi kwanciya a doguwar hanya. Kada wannan ya sa a ɗauka tana da laushi. Ko a yanayin Comfort mota ce mai tauri, ga rim mai inci 19 da siririyar taya, ga ƙarar taya tana shigowa ciki. Duka biyun ba su da tsayi daga ƙasa, tudun rage gudu na unguwa sai an hau shi a karkace. Na rasa taya ɗaya a wani rami bayan Jaji da daddare, a tawa, kuma da sabuwar ce ma haka za ta kasance.

Cikin mota ba zan daɗe a kai ba. W205 ta fi kyau, ta fi fili a baya, fata da katakonta sun fi tsada a ido. Allonta yana tsaye a kan dashbod kamar an ɗora shi daga baya, kuma an mayar da sandar giya jikin sitiyari. W204 cike take da maɓallai irin na wayar da, amma kujerunta na gaba suna rungume mutum yadda ya kamata, kuma na'urar sanyaya ta har yanzu tana iya wa zafin Afrilu.

Maganar mai ce ke raba masu sha'awa da masu iya riƙewa. Tankin kowace lita 66 ne. Kamfanin ya rubuta wa W204 ta 2012 lita 12 a kilomita 100, W205 kuma ƙasa da lita takwas da rabi. Waɗannan lambobin gwajin Turai ne. A cunkoson Abuja da na'urar sanyaya a kunne, tawa tana haura lita 20 ba wuya. A buɗaɗɗiyar hanya, in na kama kaina, tanki ɗaya yana kai ni Kano, amma fitila na dab da kamawa nake shiga gari. Ta Yaya tana isa da ragowar da za ta yi zirga-zirgar yini. Kafin 29 ga Mayun 2023 ban cika lissafa wannan ba. Da aka cire tallafin mai, kuɗin lita ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, tawa ta koma motar ƙarshen mako. Akwai kuma ingancin man. Dukansu an yi su ne don mai mai lamba 98, wanda ba a saba samu a gidajen manmu ba. Injin turbo mai fesa mai kai tsaye cikin silinda ya fi jin jiki in mai ya yi datti ko ya yi rauni, shi ya sa Yaya ya ja mini kunne kafin ya tafi: "Ka ga, gida ɗaya nake shan mai, kada ka sauya mini. Kuma in ka dawo daga hanya ka bar ta ta huce kafin ka kashe."

Zafin nan gaskiya ne. In ka ɗaga bonet ɗin W205 bayan tafiya da rana, hucin da ke tasowa daga tsakiyar injin sai ka ja da baya. Tana da ƙarin lagireto da famfo da bututun ruwa don sanyaya iskar turbo, kuma kowane ɗayansu abu ne da zai buƙaci kulawa in shekaru suka tura. Bakaniken da ke duba mana su, dattijo ne da ya ƙware a motocin Jamus, ya taƙaita mini da cewa: "Alhaji, taka ina iya sauraronta da kunne in gaya maka ciwonta. Ta babban Alhaji sai na jona kwamfuta." Wannan ba ya nufin M156 ba shi da nasa. Sananne ne a wajen masu motar cewa injinan farko, na kafin wajen 2011, ƙusoshin da ke ɗaure kan injin suna iya cin tsatsa su karye, ruwa ya shiga silinda, har aka sauya ƙirar ƙusoshin daga baya. Kamshaf da tafet, ƙarafan da ke buɗe bawul ɗin inji, su ma suna cinyewa in an yi wasa da baƙin mai. Inji ne da ke ɗaukar baƙin mai kusan lita tara, kuma ba kowane iri ba.

Akwai ta uku, W206, da aka nuna a 2022. An cire silinda takwas gaba ɗaya, aka sa inji mai silinda huɗu, lita 2.0, da injin lantarki a baya. Jimilla doki 680 da Nm 1,020, tana ja da ƙafa huɗu, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4, amma nauyinta ya haura tan biyu. Dokokin hayaƙi na Turai ne suka tura kamfanoni wannan hanyar, kamar yadda suka sa aka rage lita 6.2 zuwa 4.0 tun farko. Ga mai zama a nan, baturi mai ƙarfin wuta da na'urorinsa ƙarin kaya ne da sai an nemo wanda ya iya su. Zuwanta ya sa masu motocin silinda takwas ɗin, tsohuwa da sabuwa, suka ƙara riƙe abinsu.

In mutum mota ɗaya zai ajiye, yana zuwa ofis da ita, yana kai iyali gida da salla, W205 zan ce ya saya. Ta fi gudu, ta fi tsimin mai, ta fi sauƙin zama a ciki, kuma ta fi ƙuruciya da shekaru. Ni dai da Yaya ya dawo na miƙa masa makullinsa ban ji ina son sayar da tawa ba, saboda wannan amsawar ƙafa da babu jira a cikinta ban same ta a sabuwar ba, kuma an daina ƙera wannan injin. Wanda zuciyarsa ta karkata ga W204 ya sani cewa mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara goma, kuma da yawa daga waɗanda ake shigowa da su motocin haɗari ne da aka saya a gwanjo aka gyara. Araha ba ta ado. Ya nemi ƙirar 2012 zuwa sama, wadda aka sa wa sabon giyabos mai suna MCT, ya bincika tarihinta da lambar shasi, ya je wajen mai sayarwa da sassafe kafin a tayar da ita don ya ji ko tafet na ƙwanƙwasa a sanyi, ya duba ko ruwan lagireto yana raguwa, sannan ya ware kuɗin tayoyin baya tun ranar saye, domin ba sa daɗewa.