Na bi zagayen gonakin inabi na Stellenbosch, ni da ba na shan giya

Kafin wani ya fara yi mini wa'azi, bari in faɗi yadda aka yi. Taron masana ban-ruwa ne ya kai ni Cape Town ta Afirka ta Kudu a watan Fabrairu. Ranar ƙarshe babu zama, sai aka manna takarda a ƙofar zauren taro: duk mai son zagayen gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek ya rubuta suna, mota za ta ɗauke shi a otal ƙarfe takwas da rabi, ta dawo da shi kafin magariba. Ni kuwa ina da 'yar gonar inabi a wajen Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, layi goma sha biyu kacal, shekara uku ke nan tana ba ni ciwon kai. In zo har ƙasar da ta haura shekara 360 tana noman inabi, in koma gida ban leƙa gona ko ɗaya ba? Na rubuta sunana.

Dattijon da muka zo tare daga Kano ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, gidan giya za ka?"

"Ranka ya daɗe, gona za ni."

"To. Allah ya sa gonar ce."

Tun da daddare na kira kamfanin na gaya musu ba na shan giya, ba na cin alade. Wadda ta ɗauki wayar ta ce babu komai, akwai lemon inabi, abinci kuma za a kula. Na tambayi ragin kuɗi, tunda kuɗin ɗanɗana giya a gona uku yana cikin farashin. Ta ce farashi ɗaya ne ga kowa. Rand dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa na biya a kuɗin ƙasar, kuma wani kaso mai tsoka na abin da ko sansanawa ba zan yi ba ne. Wannan ne ƙorafina na farko.

Mu goma sha uku ne a ƙaramar bas mai sanyi: Jamusawa, wasu ma'aurata 'yan Ingila, 'yan Kenya biyu daga taronmu, sai ni. Jagorar mace ce mai kimanin shekara hamsin, ita ke tuƙi, ita ke bayani. Ta zo kan lokaci, motar tsaf, ruwan sha a kowace kujera. Muka hau babban titin N2, muka wuce filin jirgi da ɗakunan kwanon Khayelitsha da suka shimfiɗu iyakar gani. Daf da inda za mu karya zuwa Stellenbosch ta hango hulata a madubi, ta nuna wajen teku ta ce can ne Macassar, inda kabarin Shaihu Yusuf yake. Malami ne daga Indonesiya wanda 'yan Holan suka koro zuwa nan a 1694, ya rasu a 1699, Musulmin Cape suna ɗaukarsa cikin iyayen Musulunci a ƙasar. Ba ya cikin jadawalin tafiyar. Saboda ni ta faɗa, kuma tun daga nan na san wannan mata ta fi takardar da aka ba ta ta haddace.

Tarihin takardar shi ne wanda kowane baƙo yake ji. Jan van Riebeeck, jagoran 'yan Holan, ya sauka a Cape a 1652, aka matse giyar farko ranar 2 ga Fabrairun 1659. Simon van der Stel, shugaban 'yan Holan na Cape a lokacin, ya kafa Stellenbosch a 1679, ya laƙaba wa garin sunansa. A 1688 Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsanar addini a ƙasarsu suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Garin Stellenbosch kam ya haɗu: fararen gidaje masu jinka, bishiyoyin oak sun yi wa titi rumfa, ɗaliban jami'a a kan kekuna. Minti ashirin aka ba mu. Hoto biyu, sai mota.

A gona ta farko aka shiga da mu inda ake sarrafawa. Kaka ce, ana ta shigo da inabi a kwanduna. Na ga injin da ke zare silin, na ga manyan tankunan ƙarfe inda yis yake cinye zaƙin ya mayar da shi barasa, na ga gangunan katako masu cin lita 225 jere a ɗaki mai sanyi. Abin da ban sani ba sai ranar: ruwan baƙin inabi ma fari ne, jan launin daga ɓawon yake fita idan an bar su tare suka tsimu. Warin wurin kamar kullun da ya kwana uku, mai zaƙi-zaƙi da tsami, yana hawa kai. Minti goma ya ishe ni.

Daga nan aka nufi doguwar tebur, kowace kujera da kofuna biyar. Nawa wurin an ajiye kwalbar da aka ce giya ce da aka cire wa barasa. Na juya bayan kwalbar na karanta, ashe akwai ɗan ragowa, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Na ce a'a, lemon da aka yi mini alkawari nake so. Aka kawo, mai sanyi, mai daɗi ƙwarai. Amma zaman teburin kansa bai kwanta mini ba, don hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagaya giya ba ɓoyayye ba ne. Na ɗauki kofina na ce wa jagorar zan taka cikin gona. Ta ce in dawo cikin minti arba'in.

Minti arba'in ɗin nan su ne suka biya mini kuɗina.

Na gangara tsakanin layuka. Wata mata da ɗankwali a ƙarƙashin malafa tana yankan nonon inabi da ɗan almakashi, hannunta yana tafiya kamar na mai kitso, ko kallon abin da take yanka ba ta yi. Ta miƙo mini nono guda ba tare da ta tsaya ba. 'Ya'yan ƙanana ne, ba su fi magarya ba, ɓawo mai kauri, ƙwallo cike da ciki, amma zaƙi har ya fi na inabin da muke saya a kasuwa. Wani saurayi mai kula da ma'aikata ya ga ina durƙushe ina duba gindin kurangar, ya zo. Da ya ji ni ma manomi ne sai ya saki jiki. Ya nuna mini kumburin da ke ɗan sama da ƙasa, inda aka yi auren. Duk kurangar gonar masu aure ne, kamar mangwaronmu: saiwar irin Amurka, saman irin Turai. Dalili wani ɗan ƙwaro ne mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya shigo Cape a 1886 ya kusa share gonakin, kuma saiwar irin Amurka ce ke iya jure masa. Ya nuna mini siririn tiyo da ke bin waya yana ɗigo a gindin kowace kuranga, ya ce ba sa ba ta ruwa har ta ƙoshi, da gangan suke barinta da ɗan ƙishi. Har nonon ma suna rage shi tun yana ɗanye, su zubar, don sauran ya yi ƙarfi. Na yi dariya na ce mu a gida wanda ya zubar da ɗanyen inabi sai a ce a kai shi a duba kansa. Ya ce ai ku nauyi kuke sayarwa, mu ɗanɗano.

Na kawo masa kukana, cewa tawa ganye take yi ba 'ya'ya. Ya tambaye ni yaushe take barci. Su a can sanyin Yuni zuwa Agusta ne ke kakkaɓe ganyen, kurangar ta huta, a yi mata aski, ta farka da ƙarfi. Tamu kuwa ba ta samun irin wannan sanyin, sai dai manomi ya tilasta mata hutu da almakashi da janye ruwa. Ya karɓi wayata ya duba hotunan gonata, ya ce na bar rassa sun yi yawa, rana ba ta shiga, kuma takin da nake zubawa ganye yake ciyarwa. Shekara uku ina neman wanda zai faɗa mini haka. Ban same shi a zauren taro ba, kuma ba ya cikin abin da kamfanin ya sayar mini.

Gona ta biyu tsohuwa ce, irin mai farin gida da faffaɗan fili a gaba. A tsakiyar filin akwai wasu fararen ginshiƙai biyu da ƙararrawa a rataye. Ma'auratan Ingila suka tsaya ƙarƙashinta suna hoto. Na tambayi jagorar ko ta coci ce. Ta yi ɗan jim, ta ce ta bayi ce. Da ita ake tashinsu da asuba, da ita ake sallamarsu. An kawo su daga Angola da gaɓar Afirka ta Yamma tun 1658, daga baya daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. An soke bautar a 1834, amma sai 1838 aka sake su. Bayan nan sai wani tsari ya ci gaba, wanda suke kira dop: a biya ma'aikaci wani ɓangare na ladarsa da giya mai arha, a ba shi da safe, a ba shi da rana, a ba shi da yamma. Doka ta hana tun farkon shekarun 1960, amma wasu gonaki ba su daina ba sai wajen shekarun 1990. Ta ce kakanta a haka ya rayu a wata gona kusa da garin Paarl. Har yau yankin yana cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da lahanin da shan giyar uwa ke jawowa. Ta kuma tuna mana yajin aikin ma'aikatan gona da ya tashi daga garin De Doorns a 2012, lokacin ana biyansu rand 69 a wuni, suna neman 150, aka tsaya a 105.

Duk wannan a tsaye ta faɗa, cikin minti biyar, mu huɗu ne kawai muke ji. Sauran sun riga sun shige wajen kofuna. Na ce mata me ya sa ba ta faɗa a mota kowa ya ji. Ta ce mutane hutu suka zo. Ban ga laifinta ba, laifin kamfanin na gani. Ka kai mutum ƙarƙashin ƙararrawar bayi ka ba shi labarin ƙamshin giya kawai, ai ka rage masa awo.

Muka haura ta mashigar dutsen Helshoogte zuwa Franschhoek. Kyawun hanyar ba ya faɗuwa, sai dai mutum ya je.

Abincin rana kuwa, nan aka kwafsa. Faranti ɗaya aka kawo wa kowane mutum biyu: cuku, zaitun, burodi, da yankakken naman alade kwance a kan cukun. Ashe saƙona bai iso ɗakin girki ba. Na nemi kaza, mai hidimar ya yi gaskiya ya ce da giya aka dafa miyar. A ƙarshe soyayyen kifi da dankali na ci, kuma daga aljihuna. Jagorar ta ba ni haƙuri har sau uku, ta nemo mini famfo a bayan lambu, na yi alwala na haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Babu lokacin salla a jadawalin, cikin lokacin abincina na cire.

Bayan gona ta uku motar ta sauya. Waɗanda da safe ko gaisuwa ba sa amsawa sun koma waƙa. Wani Bajamushe ya rungume ni yana rantsuwa sai ya zo Najeriya. Ba wanda ya yi rashin kunya, amma zaman ɗanɗanon ya zarce da minti arba'in, kuma abin da aka yanke don cike gurbin shi ne wanda na fi ɗoki: ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990. Gunkinsa na nan a bakin ƙofa, hannu a ɗage. Minti biyar aka ba mu, injin mota ma ba a kashe ba. Paarl kuwa ta taga muka gan ta.

In maki ake so, jagorar biyar cikin biyar, mota da tsabta huɗu, kamfanin biyu. Mai shan giya zai ce na yi rowa, don shi an ba shi duk abin da ya biya. Ga ɗan'uwa irina kuwa, ba zan ce ya bi wannan ayarin ba. An gina tafiyar ne a kan tebur, kai kuma rabin wunin a tsaye za ka yi shi a waje. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki jagora da mota taku, ku ce gona kuke so, da tarihi, da kabarin Shaihu Yusuf, da ƙofar Mandela. Ku sa a rubuta muku maganar abinci, kada ku yarda da alkawarin waya. In noman ne ya kai ku, ku je tsakanin Janairu da Maris lokacin girbi, ku nemi gonakin inabin ci irin na kwarin Hex, don su ne suka fi kusa da abin da muke shukawa a Kudan.

A bakin hanya na sa ta tsaya na sayi kwalin inabin hanepoot, manya masu ƙamshi. Na tarar da dattijon a harabar otal yana jan carbi. Na ajiye masa, ya tsinki ɗaya ya tauna, ya tsinki na biyu.

"Gonar ce?"

"Rabi gona, ranka ya daɗe."

"Ɗaya rabin fa?"

Na ce sai mun hau jirgi. Ya jawo kwalin gabansa.