Wace na'urar awon jini matashi zai saya a Legas?

A Legas yanzu ba sai mutum ya yi furfura ake ce masa jininsa ya hau ba. Ɗan shekara 30 zai je gwajin ɗaukar aiki, a manna masa wayoyin ECG, wato gwajin bugun zuciya, a ƙirji, takarda ta fito da alamar matsala, awon jini kuma ya wuce 140/90. Sai likita ya ce ya riƙa aunawa a gida. To wacce zai saya?

Ni dai ta damtse nake so, mai batir, wadda ake ɗaura wa a saman gwiwar hannu ta hura kanta. Ita likitocin zuciya suka fi yarda da ita, domin tana auna jijiyar da ke daidai da zuciya. Na kamfanonin Omron da Microlife sun yi suna, kuma yawancinsu suna ajiye awon baya, abin da likita zai fi so ya gani ke nan. Wasu ma suna nuna alama idan bugun zuciya ya rikice. A gida, abin da ya kai 135/85 a kai a kai shi ake ɗauka ya hau. Ka zauna minti 5, ka jingina bayanka, hannu bisa tebur, ban da surutu, kuma kada ka auna kana saukowa daga acaba ko ka gama shan kofi.

Ta wuyan hannu kuwa, ka ɗan karkata hannu lambar ta sauya. Mai famfo da abin sauraro a kunne aikin nas ce. Agogon hannu mai cewa yana auna jini, a bar shi a kwalliya.

Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne girman maɗaurin. Na gama-gari yakan dace da damtse mai santimita 22 zuwa 32, akwai kuma mai kaiwa 42. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, lamba sama take tafiya. Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, damtsensa cike yake. Ƙaramin maɗauri ya yi ta tsorata gidanmu har sai da aka auna shi da babba. Ka ari tef wurin tela ka auna hannunka kafin ka fita.

Sai jabu, kuma nan ne takaicina. An taɓa sayar mini da wata a bakin titi, kwali mai sheƙi, sunan kamfani da harafi ɗaya a sauye. Ni da maƙwabcina da tsohuwarsa kusan lamba ɗaya take ba mu! Irin wannan ta fi rashin na'ura haɗari, don mai ciwo zai kwanta yana cewa lafiya lau. Ka sayi taka a babban kyamis mai rajista, ka karɓi rasit da takardar garanti, ka duba lambar da ke jikin na'ura ta dace da ta kwali. Wadda ake tallatawa a go-sulo ko a WhatsApp da rabin kuɗi, ka wuce. Shafin intanet na STRIDE BP yana jera na'urorin da aka tantance, ka nemi lambar samfurin a can. Ka kuma guji masu jarkar magani a cikin danfo, wato motar haya, da ke rantsuwar sun kashe hawan jini a mako guda. Ƙodarka suke wasa da ita. Da ka sayi na'urar, kai ta asibiti a gwada ta kusa da tasu.

Batun ECG kuma, na'urar gida ba ta warware shi. Rubutun saman takardar inji ne ya yi shi, kuma a jikin samari baƙar fata, musamman sirara da masu motsa jiki, yakan nuna kaurin zuciya alhali babu. Hoton zuciya na eko ne ke tabbatarwa, ana yin sa a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Matashi mai hawan jini a duba masa ƙoda da fitsari, ya kuma faɗa wa likita gaskiya in yana yawan shan maganin ciwon jiki na diclofenac ko lemon ƙara kuzari. Idan na'urarka ta nuna 180/120 ga ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, kada ka jira safiya, a kai ka asibiti.