Vuk Brankovic da Stefan Lazarevic: wa ya fi yi wa Sultan hidima?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Sabiyawa ke kiran Vuk Brankovic maci amana, alhali suna girmama Stefan Lazarevic wanda ya yi wa Daular Usmaniyya ta Turkawa yaƙi shekara da shekaru. Amsar tana cikin abin da kowannensu ya yi bayan yaƙin Kosovo na 1389, inda Sabiyawa suka kara da Turkawa.

Vuk mijin yayar Stefan ne, yana auren Mara, 'yar Yarima Lazar, jagoran Sabiyawa a wannan yaƙi. Ranar 15 ga Yuni shi ke riƙe da ɓangaren dama na rundunar Sabiya, filin dagar ma a ƙasarsa yake, kusa da Pristina. Lazar ya rasa ransa, Sultan Muradu na ɗaya ma haka, Vuk kuwa ya janye da ragowar mayaƙansa. Wannan janyewar ce daga baya aka mayar cin amana. Rubuce-rubucen zamaninsa ba su zarge shi da haka ba. Zargin ya fito fili ne a littafin tarihi na Mavro Orbini na 1601, bayan shekara fiye da 200, waƙoƙin baka kuma suka yayata shi.

Stefan a lokacin yaro ne ɗan shekara 12 ko kusa da haka, mahaifiyarsa Milica ke riƙon ƙwarya. Kafin shekarar ta ƙare Sarki Sigismund na Hangare ya kawo hari daga arewa. Gaba kura baya sayaki, sai Milica ta yi wa Sultan Bayazid, ɗan Muradu, mubaya'a. Mubaya'a irin wannan sharuɗɗanta a fili suke: haraji duk shekara, fitowa da mahaya da kanka duk sanda Sultan ya kira, ga kuma auren Olivera, 'yar'uwar Stefan, da aka ba Bayazid. Stefan ya cika alkawarin fita yaƙi. Ya yi wa Sultan yaƙin Rovine a 1395. A Nikopolis a 1396, sukuwar mahayansa masu sulke a ƙarshen yaƙi ce ta karya rundunar Sigismund. A Ankara a 1402 ya tsaya wa Bayazid a gaban Timur, sarkin da ya taso daga tsakiyar Asiya, a ranar da mayaƙan wasu masarautun Anatoliya suka sauya sheƙa.

Vuk ya fi shi turjiya, kuma ƙasarsa ce a bakin hanyar Turkawa. Sai da Skopje ta kuɓuce masa a 1392 ya yarda da biyan haraji. Ko a haka bai je Rovine ba, bai je Nikopolis ba. Nan ne lissafinsa ya ɓaci, domin Sultan na ɗaukar ƙin amsa kiran yaƙi a matsayin tawaye, shi kuma ba shi da wani babban sarki a bayansa. Bayazid ya kama shi, ya rasu a tsare a 1397, aka ba Stefan mafi yawan ƙasarsa.

Abin da ya ɗaga sunan Stefan ya zo ne bayan Ankara, inda Timur ya ci Bayazid da yaƙi ya kama shi. Da daular ta rikice da rigimar 'ya'yan Bayazid, sai ya karɓi sarautar despot, babban muƙamin da sarkin Rumawa ke bayarwa, a birnin Kustantiniyya a 1402, ya koma ɓangaren Sigismund, aka ba shi Belgrade ya mayar da ita fadarsa. Azurfar garin Novo Brdo ta riƙe masa baitulmali, har ya kafa wa ma'adinan dokar aiki a 1412, ya kuma gina gidan ibadar Manasija mai ganuwa da hasumiyoyi. Ya mulki ƙasa har zuwa 1427.

A ganinmu an zalunci Vuk da wannan tambari, domin in ƙin bin Sultan ne ma'auni, shi ya fi daɗewa a kai kuma shi ya biya da ransa. Ɗan Vuk, Djuradj, shi ya gaji Stefan, kuma gidan Brankovic ne ya riƙe ƙasar har dab da faɗuwarta, da Turkawa suka karɓi babban birninta Smederevo a 1459.