Batirin kwamfuta ya ƙi cika: batir za ka saya, ko caja, ko ka riƙe kuɗinka?

Idan cajin kwamfutar tafi-da-gidanka ya tsaya a hanya ya ƙi kaiwa 100, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne batir ya mutu. Sai ya nufi titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja ya ce a ba shi sabo, mai shago kuwa ba zai hana shi ba, tunda ciniki ya fito yi. Alhali batir ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ke jawo wannan matsala. Yana iya zama saiti, ko caja, ko bakin da ake soka cajar. Don haka kafin ka taɓa aljihu, ka lura da lambar da cajin yake tsayawa a kai.

In kullum a 60 ko 80 cif yake tsayawa, ba ya gaba ba ya baya, to kusan tabbas lafiyar batirinka ƙalau. Kamfanoni da kansu suke sa wannan iyaka, domin batirin litiyam yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil, musamman cikin zafi. A Lenovo sunan abin Conservation Mode, yana cikin manhajar Lenovo Vantage, kuma a tsofaffin samfura yana tsayar da caji tsakanin 55 da 60. ASUS na ba da zaɓin 60 ko 80 ko 100 a cikin MyASUS. Kwamfutocin ofis na HP suna da Battery Health Manager a cikin BIOS (wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ta buɗe), Dell ma na da irin nasa, MacBook kuwa tun fitowar macOS Big Sur a 2020 takan dakata a 80 sai lokacin da ta saba ganin ana cire ta ya kusa. Wanda ya sayi tokumbo ya fi kowa faɗawa wannan ruɗani, saboda yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, inda suke yini jone da wuta, kuma da saitin mai ita na farko ake kawo su. Haka nan in ka ga 96 ko 97 an ce ba ta caji, wannan ma da gangan ne: da yawa ba sa sake ɗaukar caji sai ya sauka ƙasa da 95.

Ko ka kashe iyakar ko ka bar ta? In kana da sola ko wuta tsayayya, bar ta, batirin zai fi daɗewa. In kuwa awa uku ake kawo muku wuta a rana, cika shi zuwa 100, kana da buƙatar kowane ɗigo.

Batirin da ya tsufa da gaske halinsa daban ne. Sau da yawa ma yana nuna 100, sai dai ba ya minti talatin ya zube, ko kwamfutar ta ɗauke ɗif alhali tana nuna saura 30. Wani kuma yau ya maƙale a 73, gobe a 88. Windows na iya faɗa maka gaskiyar lamarin kyauta. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto. Layi biyu za ka duba: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko 42,000 ne na biyu 36,000, ci gaba da aikinka. In na biyu ya faɗi ƙasa da rabin na farko, lokacin saye ya yi. Yawancin waɗannan batura suna fara raguwa a fili bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500, Apple kuwa 1000 ya ƙayyade wa MacBook na zamani. Zafin bazararmu, da ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo inda iska ba ta ratsa ta, suna rage wannan adadi.

Akwai alama ɗaya da ba a jira da ita. In wurin da kake murza yatsa ya taso sama, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa da kansa, batir ne ya kumbura. Daina yi masa caji nan take, kada ka matsa shi ko ka huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

To in saye ya kama, wane iri? Na asali daga kamfanin shi ya fi, kuma shi ya fi tsada da wuyar samu. Matsalar ita ce kusan kowane batir a kasuwa ɗauke yake da tambarin kamfani, kuma kowa "orijinal" yake kiran nasa. Tambari ba ya nuna komai. Na biyu shi ne sabo amma ƙirar wani kamfani daban, wanda aka yi ya dace da samfurinka. A cikinsu akwai nagari akwai tarkace, kuma a ganina wanda mai shago ya faɗa maka gaskiya cewa ba na kamfanin ba ne, ya kuma ba ka garanti na wata uku ko shida a rubuce kan rasit, ya fi wanda aka rantse maka orijinal ne amma aka ce in ka fita da shi shi ke nan. Na uku shi ne wanda aka ciro daga wata kwamfuta ta tokumbo. Sau da yawa na asali ne na gaske, sai dai ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa. Yana da kyau idan an sa shi a gabanka ka fitar da rahoton nan ka ga ƙarfinsa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Na huɗu, a fasa tsohon a canza masa ƙwayoyin ciki, ban ba da shawararsa ba. A tsofaffin baturan da ake zarewa daga baya, masu dogayen ƙwayoyi zagayayyu da ake kira 18650, ƙwararre yana iya yi, amma ƙaramin allon da ke kula da cajin yakan kulle kansa da zarar an yanke ƙwayoyin, kuma haɗa ƙwaya sabuwa da tsohuwa neman gobara ne.

Ka je da lambar batirin, sunan kwamfuta kawai bai isa ba. HP EliteBook 840 G3 tana amfani da CS03XL, ita kuwa 840 G5 da SS03XL, ga suna kusan ɗaya amma wannan ba ya shiga gurbin wancan. Lambar na jikin batirin, tare da bolt da adadin Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batirin ke iya adanawa. Duba ranar da aka ƙera shi ma, domin batir yana tsufa ko yana ajiye a kanta. Jabu na iya nuna lambobin ƙarya a rahoto, shi ya sa garantin ya fi komai muhimmanci: cikin mako ɗaya na aiki za ka san awa nawa yake yi.

Sai caja, wadda ake yawan zaluntar batir a kan laifinta. Kwamfutar da ke neman wat 65 ko 90 in aka ba ta mai wat 45, za ta kunna, amma cajin zai riƙa jan ƙafa ko ma ya riƙa raguwa kana cikin aiki. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. In allurar ta karye ko cajar jabu ce, Dell takan rubuta cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi ba batir wuta gaba ɗaya. Shiga BIOS ka duba wurin AC Adapter. In ka ga Unknown maimakon 65W, ari caja ta asali a wurin wani ka gwada kafin ka zargi batir. Masu USB-C kuma su sani cajar waya mai wat 18 ko 25 ba ta wadatar da yawancin kwamfutoci, kuma igiyar caji (kebul) ta gama-gari ba ta wuce wat 60. Tsakanin tsohuwar caja ta asali da sabuwa fil mai araha marar nauyi, ni ta asalin zan ɗauka, musamman ga mai aiki da ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka.

In sai ka karkata kan cajar ko ka danne shi sannan fitilar caji take kamawa, bakin ne ya saki, gyara ne mai sauƙi a yawancin samfura. In an gwada batir mai kyau da caja mai kyau duk shiru, matsalar ta koma babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. A nan ka tambayi kuɗin gyaran tukuna, ka auna shi da shekarun kwamfutar, domin ɗora sabon batir a kan bod mai lalura asarar kuɗi ce kawai.

Fawa banki na kwamfuta yana ƙara maka awoyi idan tana caji ta USB-C kuma shi ma yana fitar da wat 65, amma ba ya warkar da batir mai ciwo. Mai yawan hawa jirgi ya tsaya a ƙasa da Wh 100, domin abin da ya haura haka sai da izinin kamfanin jirgin, kuma a jakar hannu ake riƙe shi.